Irin Geron Inna Tsahara

Lahadi, kwana huɗu da rasuwar Inna, da hantsi

Alhamdu lillahi, baƙi sun ragu. Tun ranar Alhamis ban zauna ni kaɗai ba sai yanzu. Na ɗauko littafin da nake rubuta awon ɗinki na juya shi ta baya, don ba ni da wani littafin, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa abin da ke raina.

Inna Tsahara, kakata ta wajen uba, ita ta rene ni, kuma ɗakinta na dawo da aurena ya mutu. Ta rasu ranar Alhamis da hantsi. Ta sha kununta, ta ce ya yi ruwa kamar kullum, ta ce in buɗe mata taga. Kafin in juyo na ji ta kama kalmar shahada, a hankali, ba gargada. Ita tana cewa shekararta ɗari, Baba Kalilu, babban ɗanta, wan mahaifina, yana cewa casa'in da biyu, har ta tafi ba a raba gardamar ba.

A kan gadonta ta cika, a ɗakinta, taga a buɗe. Shekara uku ina kwana da tsoron ranar da za a ce mu ɗauke ta a baya mu bar gidan nan da gudu. Ranar ba ta zo ba. Wallahi in na tuna haka sai in ji kamar an sauke mini kaya daga ka.

Jama'a kuwa sai wanda ya gani. Mutanen Gangara, na Farfaru, har direbobin Maraɗi da ke lodi a Magama sun ajiye motoci sun zo, don shekara arba'in tana sayar musu da fura a bakin iyaka. Jiya aka yi sadakar uku. An daka gumba, an cura, an raba, har aka ƙulla wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Kowa ya ci sai ya ce bai taɓa cin gumba mai daɗinta ba. Baba Kalilu, da ba ya son zaƙi, curi biyu ya ci.

Ni ban ci ba.

Lahadi, bayan la'asar

Na sake leƙa tulun Inna. Babu komai ciki sai busasshen ganyen darbejiya.

Litinin, kwana biyar, bayan azahar

Gara in rubuta shi yadda yake.

Akwai wani gero da Inna ta zo da shi ranar da aka kawo ta Jibiya amarya daga Garin Ɗantala, can ƙetaren iyaka wajen Madarunfa. Mahaifinta ne ya ƙulla mata shi a bakin zane. Zangarniyarsa gashi gare ta, tsuntsu ba ya iya cinta, kuma kwana saba'in ya nuna. Nan unguwar ɗan Tsahara ake ce masa. Fiye da shekara saba'in ba a taɓa tsallake damina ba a shuka shi ba. Kowace kaka Inna za ta zauna kan tabarma a jibge mata dami, ta zaɓi zangarniyar iri da hannunta. Da idonta ya tafi ma ba ta bari ba, shafawa take yi ta gane. A sussuka, a sheƙe, ta zuba a tulu da ganyen darbejiya, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gado.

Tun da aka daina zuwa babbar gonarmu ta Mazanya saboda 'yan bindiga, 'yar gonar bayan gari kawai Baba Kalilu yake shuka shi. Abin da aka samu bara buhu ɗaya da rabi ne, shi muka yi ta yi mata kunu, ragowar ya ƙare a kwana biyun farko na zaman makoki.

Ranar Asabar da safe Gwaggo Salmatu, ƙanwar Baba, ta ce in duba ɗakin Inna ko akwai sauran hatsi, don sadaka da hatsin mamaci ta fi. Na shiga, na jawo tulun, na fasa lakar da bakin cokali, na juye a ƙwarya na miƙa wa masu daka. Tiya uku. Da hannuna.

Ba wai ban san abin da ke ciki ba ne. Na sani sarai. Wata guda kafin ta rasu ta kama hannuna ta ɗora kan tulun ta ce, "Tulun ga, in na tahi, naki na. Kalilu ya iya noma amma bai iya ajiya ba." Na ce to. Ranar Asabar ɗin kaina ne kawai ba ya jikina. Sai da na ji ƙarar taɓarya ta uku hankalina ya dawo, lokacin kuwa an riga an surfe.

Shekara saba'in tana riƙe da shi, da fari, da fara, da yunwa. Ni kwana uku.

Laraba, kwana bakwai, da yamma

An yi sadakar bakwai lafiya, da geron kasuwa. Ba wanda ya yaba gumbar.

Baba Kalilu ya tsaya ƙofar ɗakin da zai fita, ya ce ya gama sharar gona, ruwa kawai yake jira. Ya ce in kula da tulun. Na ce to, Baba. Ya ɗan tsaya kamar mai jiran ƙarin magana, sannan ya sa takalmi ya tafi.

Ko ba komai, damina da saura. Ina da mako uku, watakila huɗu.

Lahadi, kwana goma sha ɗaya, bayan azahar

Yau kasuwa. Na bi layin 'yan hatsi tun daga farko har ƙarshe ina tambayar gero mai gashi. Wani ya ce duk geronsa mai gashi ne. Na gaba ya ce nasa ya fi gashi. Gero in an sussuke shi ai ba shi da gashi, kuma sun ga alamar ban san komai ba. Inna da tana nan da ta yi dariya har ta yi tari. Ragguwa take ce mini tun ina ƙarama, wai hannuna allura kawai ya sani.

Sai na tuna wani abu da ya sa na ji sanyi a raina. Duk jikar da za a kai ɗakin miji, Inna sai ta ƙulla mata cikin hannu ɗaya na irin nan a bakin zane, yadda aka yi mata. Mu jikokinta mata mun kai ashirin. Ba zai yiwu a ce duk ya ɓace ba.

Nawa dai na san inda ya tafi. Katsina aka kai ni, gidan haya, ba gona, na watsa wa tantabarun maƙwabci. Inna ta ji labari, ta yi mako ba ta amsa gaisuwata ba. Kuma duk da haka ni ta bar wa tulun. Har yau ban san me ta gani ba.

Litinin, kwana goma sha biyu, da hantsi

Na kira Mu'minat, 'yar Gwaggo da ke aure a Farfaru. Na yi ta kewaye-kewaye kafin in tambaya. Ta ce nata sun shuka shekara biyu, sai maigidanta ya gauraya shi da wani irin da ya sayo, yanzu ba ta san wane ne wane ba. Ta ce me ya sa nake tambaya. Na ce kewar Inna ce.

Na kira wasu shida. Biyu sun ci nasu, ɗaya ɓera, ɗaya ba ta ma tuna an ba ta ba. Biyun da ke wajen Mazanya sun taso sun bar komai, ban ƙara tambayarsu ba.

Alhamis, kwana goma sha biyar, bayan la'asar

Ban taɓa keken ɗinki ba yau. Na share ɗakinta sau biyu. Buzun sallarta yana nan inda ta bar shi.

Lahadi, kwana goma sha takwas, da yamma

Gwaggo Salmatu ta wuni nan, muna rarraba kayan Inna. Zannuwa, kwanukan fura, ludayin da bakinsa ya cinye saboda damu. Gwaggo ta ɗauki tsohon gammo ta riƙe, sai ta fara ba ni labari ba tare da na tambaya ba.

Ta ce shekarar babbar yunwa, lokacin tana budurwa, ruwa ya ɗauke a ƙetare damina biyu a jere. Mutanen Garin Ɗantala suka cinye komai, har irin shuka. Labari ya iske Inna a bakin tasha tana dama fura. Ta rufe ƙwarya, ta dawo gida, ta raba irinta biyu, ta ɗauki rabi a tulu ta kama hanya a ƙasa. Kakanmu ya ce ta bari a nemi mota, ta ce mota ba ta san gidansu ba. Wuni guda tana tafiya da ɗanta na tara a baya. Ta kai wa ƙanwarta Husaina, ta kwana ɗaya, ta juyo. Gwaggo ta ce har yau a can garin, ɗan Jibiya suke ce wa geron.

'Ya'ya tara ta haifa, ta binne biyar. Na ƙarshen da ta binne mahaifina ne, shekara uku da suka wuce, ranar da aka daina zuwa Mazanya. Ba zan rubuta wannan ba. Abin da zan rubuta shi ne washegari ta tashi ta dama kunu ta ce kowa ya sha, kuma kowa ya sha.

Iya Husaina tana nan da rai. Ba ta zo gaisuwa ba saboda ƙafa, gumba kawai aka aika mata. Ban taɓa ganinta ba sai sau ɗaya ina yarinya. Tun da Gwaggo ta ambaci sunanta nake jin numfashina yana sauka har ciki.

Talata, kwana ashirin, bayan azahar

Na je Magama wurin Maɗugu. Direba ne, mutumin Maraɗi, shekara talatin yana bin hanyar nan, kuma shi ya kai wa Iya Husaina gumbar. Yana cewa da furar Inna ya yi ƙashin baya. Na same shi gindin bishiya yana jiran mota ta cika.

Na yi niyyar in ce masa kawai muna son ƙarin iri. Da ya ce, "Rahama ɗiyata, mi ya hwaru?" sai na faɗa masa duka. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har yana share hawaye da hula, sannan ya ce Allah ya jiƙan Tsahara, ta ciyar da mutane da rai, ta ciyar da su ba rai, har abin da ta ɓoye ba ta tafi da shi ba.

Ya ce hanya kwanakin nan sai a hankali. Yau a buɗe, gobe a ce a dakata, kuma hatsi ba ya ƙetarowa kamar da. Amma saƙon baki ba ya buƙatar takarda, zai ratsa garin ya faɗa mata. Na roƙe shi kada Baba Kalilu ya ji. Sai ya sake wata dariyar, ban san ta mece ce ba.

Na dawo gida na ci tuwo malmala biyu. Rabona da cin abinci haka tun Inna na da rai. Ashe faɗin ma magani ne.

Juma'a, kwana ashirin da uku, bayan la'asar

Hadari ya haɗu gabas, ya watse. Ni kaɗai ce a Jibiya na yi hamdala.

Lahadi, kwana ashirin da biyar, da hantsi

Ba labarin Maɗugu. An ce motoci suna can ƙetare a jere tun shekaranjiya. Na ɗinka riga uku, na warware ɗaya.

Talata, kwana ashirin da bakwai, bayan azahar

Ruwa ya sauka da asuba, mai yawa, har ya cika kwatar gida. Gari ya waye kowa da sungumi a kafaɗa.

Baba Kalilu ya yi sallama da hantsi. Na san abin da ya kawo shi. Na shiga na ɗauko tulun na ajiye gabansa ba murfi, na durƙusa, na faɗa masa. Ban ɗaga kai ba. Na gama na jira.

Ya ce, "Na sani."

Na ɗago.

Ya ce, "Shekara sittin da bakwai ina cin geron ga. Tun lomar hwarko na gane shi. Mi kike zato ya sa na ƙara curi na biyu? Na ce in shi na na ƙarshe, bari in ƙoshi."

Na ce to me ya sa bai yi magana ba. Ya ce shekara huɗu ina wanke uwarsa ina juya ta, wane baki gare shi da zai tuhume ni kan tiya uku? Ya ce ranar bakwai ya ba ni ƙofa in faɗa, na ƙi shiga, shi kuma ya ji nauyin tura ni. Kuma tun kwana na biyar ya je Magama ya ba Maɗugu saƙo zuwa ga Iya Husaina, ya roƙe shi kada in ji, don kada in san ya sani.

Wato Maɗugu yana yawo da asirin mutum biyu daga gida ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa. Shi ya sa dariya ta biyu.

Na ce Baba ka yafe mini. Ya ce ba abin yafewa. Na ce ban san me ya sa ta bar mini tulun ba, ni da na ba tantabaru nawa. Ya ce labari ya iske shi na bi kasuwa layi-layi, na kira jikoki har na Legas, na je bakin iyaka cikin rana. Ya ce shi da a hannunsa irin ya ɓata, da sai ya ce Allah ya ƙaddara ya sayi wani. "Abin da tag gani ke nan."

Zai shuka dawa a gefe, ya bar tsakiyar gonar. Ya ce ɗan Tsahara ba ya tsoron makara, amma in aka wuce mako biyu daga yau, to sai dai haƙuri.

Da ya fita na kwanta kan tabarma na yi barci har azahar kamar wadda aka yi wa duka.

Alhamis, kwana ashirin da tara, da yamma

Na faɗa wa Gwaggo Salmatu. Ta ce ita da ta sa ni ɗauko hatsin, kwana ashirin ba ta yi barcin kirki ba. Ta ce, "Da kike gani na zauna ina ba ki labarin yunwa, tatsuniya nike miki?"

Gidan nan kowa ya sani. Ni kaɗai nake ɓoyo.

Asabar, kwana talatin da ɗaya, bayan la'asar

Maɗugu ya dawo, hannu wofi.

Ya ce ya je sau biyu, da saƙon Baba da nawa. Duk biyun tsohuwar tana zaune ƙofar ɗaki, ta saurara har ya gama, ta ce, "Na jiya." Ya tambaye ta ko akwai abin da zai ɗauka, ta ce ya gaida mutanen gida. Ya ce ya dubi rumbunsu, bai ga alamar yalwa ba.

Ban san yadda zan fassara wannan ba. Ko ba su da shi ne tana jin kunyar faɗa. Ko ta yi fushi. In ta yi fushi ma tana da gaskiya.

Abin mamaki, ban firgita kamar da ba. Yanzu mu uku ne muke jira, ba ni kaɗai ba.

Litinin, kwana talatin da uku, da hantsi

Shukar mutane ta tsiro. Tsakiyar gonarmu fayau.

Alhamis, kwana talatin da shida, bayan azahar

Baba ya ce in irin bai zo ba har arba'in zai shuka geron kasuwa, kada gona ta kwana banza. Ya faɗa yana kallon bango. Na ce haka ne.

Na wanke tulun na kife. Na zauna ina tuna yadda take cura fura, tana yi tana zagin direbobi ɗaya bayan ɗaya, su kuma suna layi suna murna. Wanda ba ta zaga ba ranar sai ya tambaya ko ya yi laifi.

Lahadi, kwana talatin da tara, bayan la'asar

Dole in rubuta wannan yanzu.

Muna tsakar gida muna gyaran kayan sadakar gobe, da azahar, sai muka ji mota ta tsaya. Maɗugu ya yi sallama ya ce a kawo kujera. Kafin a kawo, wata 'yar tsohuwa ta shigo da sanda, tana jan ƙafa ɗaya, ta ƙi a riƙe ta. Rariya ta kuɓuce wa Gwaggo ta faɗi. Ni kuwa na ƙura mata ido, don tafiyar Inna ce, da karkata kan, da yadda take duban tsakar gida kamar mai neman abin da ba a share ba.

Iya Husaina ce. Maɗugu ya ce tun asuba suka taso, motoci suka tsaya a shinge, ta ce ba ta da lokacin jira. Ta sauka ta taka da sandarta ta wuce, jandarma masu tsaron can da ma'aikatan nan duk suka matsa mata, wani ma ya ba ta ruwa. Ta zauna gindin bishiya a Magama har motar ta iso ta same ta.

Ta yi gaisuwa, ta yi addu'a, ta sha ruwa. Sannan ta ce wace ce Rahama. Na matso na durƙusa. Ta shafa fuskata da hannu, ta kwance wani ƙunshi daga ƙugunta, tsohon zane ne an naɗe shi sau uku, ta ɗora mini a cinya. Ba sussukakke ba ne. Zangarniya ce, an kakkarya ta gajeru don ta shiga zanen, gashinta yana soka ta cikin yadin.

Na ce, "Iya, saƙonmu ya same ki ke nan."

Ta ce, "Saƙonku biyu sunka iske shi ɗaure. Tun rad da gumba ta zo nis sa ta baki, nic ce wayyo, yaran ga sun daka irin Tsahara. Ran nan nih hau rumbu da ƙahwag ga."

Maɗugu ya ce to me ya sa ba ta ba shi ba tun tuni, ya huta da zarya. Ta ce iri ba goro ba ne da za a aika. Yayarta da ka ta kai musu shi, ita ma da jikinta za ta mayar. Ƙafa ce ta tsayar da ita, sai da ta ɗan saɓe.

Ta ce shekarar yunwa, ranar da Inna ta sauke tulun a ƙofarsu, ba wanda ya iya tashi ya taimaka mata. Gari guda ya tashi daga rabin tulun nan. Ta ce kowane gida a Garin Ɗantala ya sa zangarniya ɗaya cikin ƙunshin, har waɗanda ba su taɓa ganin Inna ba.

Baba Kalilu ya ɗauki guda ya sunsuna, ya fita waje. Bai dawo ba sai bayan la'asar, idonsa ja.

Litinin, kwana arba'in, da yamma

An yi sadaka. Gumbar da geron kasuwa aka yi, ni na auna, ni na miƙa, ƙunshin kuwa yana cikin akwatin kekena da kwaɗo. Gwaggo ta ce ko makullin ma a ba wani ya riƙe. Kowa ya yi dariya, har ni.

Ana watsewa ruwa ya sauka.

Talata, kwana arba'in da ɗaya, bayan azahar

Mun shuka. Baba yana sara da sungumi, ni da Gwaggo da Mu'minat muna bi muna zubawa muna rufewa da diddige. Iya Husaina tana zaune bakin gona ƙarƙashin lema tana gyara mana, wai ina zuba iri kamar mai ba kaji. Bayana kamar zai karye. Ban taɓa jin daɗin ciwo irin na yau ba.

Ragowar na raba huɗu. Kashi ɗaya na tulu, na sa ganyen darbejiya na liƙe da laka. Ɗaya Gwaggo, ɗaya Mu'minat bisa sharaɗin maigidanta ba zai gan shi ba, ɗaya na aika wa waɗanda suka taso daga Mazanya, ko a bayan ɗaki su shuka. Ba zan sake barin shi wuri ɗaya ba, musamman wurin da nake.

Iya za ta zauna da mu har ƙafar ta warke. A ɗakin Inna take kwana, ta ce gadon ya yi mata tsawo.

Asabar, kwana arba'in da biyar, da hantsi

Na tafi gona da sassafe ni kaɗai. Daga nesa ban ga komai ba. Sai da na tsuguna na gan su, sirara kamar allura, layi-layi har ƙarshen gona.

Ban san lokacin da na juyo ba. Na yi ta sauri har takalmina ɗaya ya tsinke na riƙe shi a hannu. Na shiga gida, na wuce Gwaggo a bakin murhu, na tsaya ƙofar ɗakin na ɗaga labule na ce, "Inna, ya tsiro."

Sai da maganar ta fita na tuna.

Kwana arba'in da biyar ban yi kuka ba. Ban yi ba ranar da aka ɗauke ta, ban yi ba da na ga tulun wofi. Na tsaya nan riƙe da labule da takalmi ɗaya.

Daga cikin ɗakin murya ta ce, "To shigo mana, ragguwa, kin tsaya kin tare mini haske."

Na shiga, na sa kaina a cinyar Iya, na yi kukan duka.